Kifin Teku a Limancin Kona

"Kada ka tsaya, Nasidi. Yi a hankali dai, amma kada ka tsaya."

Nasidi ya share gumi da hannun riga, ya ci gaba da danna famfon keken. An ɗaura wani siririn tiyo a bakin famfon, ya bi ta bayan tankin gilashin ya nutse cikin ruwa, duk dannawa sai kumfa ta taso tana ɓulɓula. Tun da hantsi aka ɗauke wuta, ga shi har an kira azahar ba ta da niyyar dawowa. Batirin motar da ake ajiyewa saboda irin wannan rana kuwa ya riga ya mutu murus.

"Malam, hannuna fa ya sage."

"Sauya hannu mana. Ai biyu Allah ya ba ka."

Mai ba da umarnin yana kwance a kan gadon ƙarfe, ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum, numfashi ma sai ya yi kokawa da shi kafin ya fito. Amma ciwon da ya cinye jikin Malam Aƙilu bai kai ga bakinsa ba tukuna.

Duk Limancin Kona ba wanda bai san Aƙilu Mai Jirgi ba. Unguwa ce ta malamai, inda ake tambayar littafin da mutum ya sauke kafin a tambayi sana'arsa, amma shi tun yana saurayi ya jingine allo ya gudu Ikko, ya shiga aikin jirgin ruwa yana shafa wa injina mai. Ya dawo da furfura, ba mata ba ɗa, sai akwatin ƙarfe da tarin labarai. Ana nan sai wani malamin makaranta ɗan ƙasar Filifin da ke zaune wajen Wusasa ya tashi komawa gida, ya rasa wanda zai bar wa tankinsa na kifin teku. Aƙilu ya je ya ɗauko shi a bayan akori-kura, mutanen gari na binsa da ido. Aka ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Nasidi kuwa shi ne mai akuyar, don katanga ɗaya ce ta raba su, kuma a kansa wahalar kurar take ƙarewa.

Sauran kifayen sun bi juna sun mutu, yau zafi, gobe ɗauke wuta, har ya rage guda ɗaya. Aƙilu ya ce Turawa na kiransa mandarin, wai sunan manyan fadawan ƙasar Sin na da ne, masu rigunan ado. Nasidi ya kasa riƙe sunan, sai ya sa masa Mai Riga. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, amma an zuba masa shuɗi da ruwan goro da tsanwa, layi na bin layi yana lanƙwasa, ba ka gane inda ya faro balle inda ya ƙare. Nasidi maɗinkin babbar riga ne, tun tasowarsa yake zana aska takwas a ƙirjin riguna da allura, kuma yana ji da kansa. Ya taɓa zama ya kwaikwayi zanen jikin kifin a kan wani ƙyalle, ya yi ta ɗinkawa yana warwarewa, daga ƙarshe ya ce wannan aikin na Mai Sama ne, ya haƙura.

Shi Mai Riga ba ya iyo irin na tarwaɗa. Daga wannan dutse yake tashi ya sauka a wancan, fukafukansa na karkarwa, yana ta tsattsaga kamar kaza a bola. Duwatsun kuwa daga teku aka zo da su, duk ramuka, sun yi gansakuka kore da ruwan ƙasa, ga 'yan murjani masu rai maƙale a jikinsu suna buɗewa suna rufewa. Ɗakin kullum yana ɗan tashin ƙarni.

Aka ɗaga labule, Gwaggo Barira ta shigo da kwanon kunu. Yayar Aƙilu ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta dawo gidan ubansu bayan rasuwar mijinta, ita ke jinyarsa. Tsafta kuwa a wurinta ta zama ciwo. Mace ce da ke wanke bayan randa, ta share tsakar gida har kaji su rasa abin tona.

"Aƙilu, ka ƙyale bawan Allah ya je ya yi salla. Mutum da iyalinsa ka mai da shi inji."

"Yaya, ajiye kunun ki ba mu wuri."

"Zan fita ai. Amma wallahi ƙazantar nan na ci min rai. Dubi duwatsu kamar bakin tsohuwar rijiya. Masu dubiya na shigowa suna toshe hanci, ni ake kallo, ba kai ba. Ka ba ni wuni ɗaya tak."

"Na gaya miki. Sabulu ba ya zuwa kusa da tankin nan, ruwan rijiya ba ya shiga cikinsa."

"To, ubana, na ji."

Ta fita tana mita. Aƙilu ya bi bayanta da ido har labulen ya daina motsi, sannan ya yafito Nasidi.

"Kawo idonka jikin gilashin. Kusa. Me ka gani?"

Nasidi ya manna goshi, hannunsa bai bar famfo ba. Da farko bai ga komai ba. Can sai ya hangi wasu fararen ɗigo-ɗigo, ba su kai tsinin allura ba, suna guje-guje a kan dutsen.

"Ƙwari ne, Malam?"

"Su ne tuwonsa. Ba ya cin garin kifi, ba ya cin komai da hannun mutum ya ba shi. Na gwada har na gaji. Sai abin da ya kama da kansa, da ransa. A cikin ramukan nan suke haihuwa, a cikin dattin da Yaya ke gani. Duwatsun nan duka, da ƙyar suke ciyar da shi shi kaɗai."

"To me ya hana ka gaya mata?"

Aƙilu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Barira? In ta ji ƙwari ke haihuwa a ɗakin nan, kafin la'asar ta ɗora ruwan zafi. Gara ta ɗauka rigimar tsufa ce."

Nasidi ma ya yi dariya, don maganar gaskiya ce. Suna cikin haka ƙwan fitila ya kama, ɗan injin da ke bayan tankin ya fara gurnani, kumfa ta ci gaba da tashi da kanta. Nasidi ya ajiye famfon.

Daga ranar Nasidi bai ƙara samun zama wuri ɗaya ba. Bazara ce, irin wadda ganuwa kanta ke huci, ga wahalar man fetur ta sa ko mai janareto ya zuba wa nasa ido. Yana zaune a zaurensa da riga a cinya, kunnensa na gidan maƙwabci. Da ya ji rediyon mai shayi ta yi shiru, ya san an ɗauke wuta, sai ya soke allura ya zura da gudu. In ruwan tankin ya yi ɗumi ya hau keke har Tudun Wada neman ƙanƙara, ya ƙunso a leda ya sa ta yi ta yawo a saman ruwan. In ruwan ya ja baya ya cika da ruwan saman da aka tara tun damina, don Aƙilu ya ce ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Mai rigar da ya ba shi aiki ya aiko, ya sake aikowa, daga baya ya zo da kansa ya tarar da aska ɗaya ma ba ta kammala ba. Matarsa Mariyamu ta ce in ya ga dama ya kwashe tabarmarsa ya koma can gaba ɗaya. Shi kansa haushin kansa yake ji. Wace irin jaraba ce wannan, ƙato da gemu yana wa kifi fifita?

Amma da ya shiga ɗakin ya ga yadda Aƙilu ke juyo da kai wajen tankin, sai haushin ya kwanta. An kai shi asibiti an dawo da shi, likita ya ce zuciya ce ta gaji, a je gida a ci gaba da addu'a. Kowa ya san ma'anar wannan magana.

Wata Laraba da safe Nasidi ya tarar an jingina Aƙilu da matashi, idanunsa sun faɗa.

"Zauna, Nasidi. Yau ba famfo, akwai wuta."

Ya zauna a bakin gadon.

"Ka san duk abin da na gani a duniya, in na faɗa a majalisa cewa ake Aƙilu ya fara. Na ce na ga ruwan da ba shi da gaɓa, aka yi dariya. Na ce a ƙarƙashinsa akwai gonaki da furanni, aka ce Allah ya shirya. Wannan ɗan kifin shi kaɗai ne shaidata. Wanda ya gan shi ba ya sake cewa na yi ƙarya."

"Haka ne, Malam."

"Ban bar ɗa ba. Akwatin nan ba komai a ciki sai tsummoki. Kifin na bar maka. Amana."

"Haba Malam, ai za ka tashi."

"Kada ka yi min maganar masu dubiya. Ka karɓa ko ba ka karɓa ba?"

"Na karɓa."

"Madalla. Kira min Yaya."

Ya kira ta, ya koma zaurensa ya ɗauki allura, ya kasa zura zare. Rana ba ta gama ɗagawa ba ya ji salatin Gwaggo Barira ya tsallako katanga.

Mutuwa a cikin birni ba ta jiran kowa ya natsu. Kafin ka ce kwabo an aika Kufena da Tudun Wada a sanar da jama'a, wani ya tafi yanko likkafani, wasu sun ɗauki diga sun yi maƙabarta. Nasidi ne ya ɗebo ruwan wanka, shi ya je aron makara, shi ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Sau ɗaya ya leƙa ɗakin bayan an fitar da gawar, ya ga kumfa na tashi, Mai Riga na kiwonsa, ya ce a ransa in an dawo zai zauna da Gwaggo ya yi mata bayanin duwatsun a tsanake. Sai aka ƙwala masa kira daga waje.

Aka yi salla a ƙofar gida, aka ɗauka. A hanya yana riƙe da ƙafar makara yana hailala da baki, zuciyarsa kuwa na can wajen tanki. Ko an ɗauke wuta? Ko wani ya tuna ya rufe taga saboda rana? Ya yi ta istigfari, yana jin kunyar kansa, ana binne mutum shi yana tunanin kifi. Da aka fara zuba ƙasa sai kukan da bai shirya ba ya ƙwace masa, har wani dattijo ya dafa shi ya ce ya yi haƙuri, addu'a mamaci ke bukata.

Da aka dawo kuma ba halin tashi. Aƙilu ba shi da namiji na kusa, sai aka zaunar da Nasidi cikin masu karɓar gaisuwa. Wannan ya zo, "Ya haƙuri?" a shafa fatiha, kafin a sauke hannu wani ya iso. Yana ta mutsu-mutsu a kan tabarma kamar mai jin fitsari. Sai da aka tashi sallar la'asar ya samu ya sulale ya shiga gidan.

A bakin ƙofar tsakar gida ya tsaya cak.

An shimfiɗa sabuwar tabarma a rana, an jera duwatsun a kai, manya a baya ƙanana a gaba. Sun yi fari tas, har suna ɗaukar ido. Gefe ga tukunya a kan murhu tana tururi. Gwaggo Barira na durƙushe gaban wani baho da burushi a hannu, idanunta sun kumbura, ta tsoma hannu ke nan ta ɗauko wani dutse mai kamar dunƙulen hannu, kore shar, ruwa na ɗiga daga jikinsa.

"Gwaggo! Tsaya!"

Matan da ke zaune a inuwa suka ɗago kai. Bai san lokacin da ya tsallake tabarmar ya riƙe mata hannu ba, abin da bai taɓa yi ba tun da ya girma.

"Lafiya, Nasidi? Sakar min hannu mana."

"Me kika yi, Gwaggo?"

"Me na yi? Jummai ce, 'yar baffanmu, ta shigo daga Kaduna, ta leƙa ɗakin ta ce ashe cikin wannan warin na bar ɗan'uwana ya cika. A gaban mutane ta faɗa. Ga baƙi za su kwana a ɗakin." Muryarta ta karye. "Kuma in na zauna, Nasidi, zuciyata fashewa za ta yi. Gara hannuna ya samu abin yi."

Ya saki hannunta, ita kuwa ta nuna masa duwatsun da ke kan tabarma.

"Kada ka damu, ban karya masa doka ba. Ko ƙyallin sabulu ban sa ba, ruwan zafi ne kawai da burushi. Ruwan rijiya bai shiga tankin ba, kifin na nan cikin ruwansa. Wannan bahon ma daga tankin na ɗebo, don kada su bushe kafin in kai kansu. Dubi yadda suka yi kyau. Da yana nan da ya gani da idonsa."

Da ta yi abin da ganganci da ya fi masa sauƙi, da ya samu wanda zai yi wa faɗa. Amma ga tsohuwa ta bi doka ɗaya bayan ɗaya, ta ƙona yatsunta a ruwan zafi, tana jiran a ce mata sannu. Nasidi ya ji baƙin ciki ya tokare masa ƙirji, na Aƙilu da na kifin da nata duka a haɗe. Ya karɓi dutsen daga hannunta a hankali, ya mayar cikin bahon, ya ɗauki bahon.

"Zo ki gani, Gwaggo."

Ɗakin ya sha shara, an kunna turaren wuta, an naɗe katifar gadon. Tankin ya zama fili fetal, ruwa da yashi kawai. Mai Riga ya rakuɓe a kusurwa, launinsa ya dusashe, yana ta buɗe baki yana rufewa. Nasidi ya naɗe hannun riga ya saka dutsen a tsakiya. Ya ce ta matso da idonta jikin gilashin.

Ta daɗe tana kallo. Idon tsufa ne, sai da ta goge shi da bakin mayafi ta sake dubawa.

"Wasu abubuwa ne ke motsi."

"Su yake ci. Ba ya cin komai sai su. A cikin dattin suke haihuwa."

Ta ɗago a hankali. Ta juya ta dubi ƙofa, inda ake hango fararen duwatsun a rana, ta sake juyowa.

"Na waje fa?"

Nasidi ya sunkuyar da kai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta dafa bango ta zauna a ƙasa. "Shekara da shekaru ina masa mita, me ya hana shi gaya min? Aƙilu, me ya hana ka gaya min?"

Nasidi ya san amsar, amma ba ranar faɗarta ba ce. Ya ce, "Ni ma da laifina, Gwaggo. Da safe na so in gaya miki."

"Wannan ɗayan zai ishe shi?"

Ya so ya ce zai isa. Ya tuna mutumin da ya ce kada a yi masa maganar masu dubiya. "Malam ya ce dukansu ma da ƙyar suke ciyar da shi."

"In an mayar da na wajen, dattin zai dawo?"

"Zai dawo, in sun yaɗu daga wannan. Sai dai ba yau ba, ba gobe ba. Ban sani ba ko zai iya jira."

Daga tsakar gida ana jin sabbin masu gaisuwa sun shigo da sallama, wata na tambayar ina Barira. Sai ga ƙwan fitila ya yi ja ya mutu, gurnanin injin ya tsaya, kumfar ƙarshe ta taso ta fashe.

Nasidi ya miƙa hannu ƙarƙashin gado ya jawo famfon keken, ya ɗaura tiyon. Kafin ya danna ta riƙe ɗaya gefen.

"Ba ni. Je ka, maza na jiranka a waje. In sun huce ka shigo da duwatsun."

"Gwaggo, da wuya fa. Hannu na sagewa."

"Na daka gero kafin a haife ka. Nuna min kawai."

Ya nuna mata. Ta danna da ƙarfi, ruwan ya hautsine, yashi ya tashi.

"A hankali, Gwaggo. Amma kada ki tsaya."

Ta sassauta. Jummai ta ɗaga labule ta leƙo, ta ce ana ta nemanta, kuma ga wani dutsen an manta ba a wanke ba.

"Bar shi," in ji Gwaggo Barira, ba ta ko waiwaya ba. "Kowa ya taɓa shi, ni da shi ne."

Nasidi ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya kasa fita. Yashin ya kwanta, ruwan ya washe. Mai Riga ya taso daga kusurwarsa, fukafukansa na karkarwa, ya zagaya dutsen sau ɗaya kamar baƙon da ke neman ƙofar gida, sannan ya sauka a kansa ya kai baki cikin wani ɗan rami.

Gwaggo Barira ta matso har numfashinta na dusashe gilashin, yatsunta da ruwan zafi ya ƙona suna danna famfon, sama da ƙasa.

"Ci," ta ce da shi ƙasa-ƙasa. "Ci a hankali, ka rage na gobe."